'Yan Badujala a Bakin Tanderu

Mijina Belarmino shekara talatin yana gasa tukwane a garin Cunha, shi ne kuma mai busa begila a badujalar coci. Bana sai ayyukan biyu suka haɗe masa rana ɗaya, domin ruwan sama ya jiƙa mana itace, bai kunna tanderu ba sai jajibirin bikin waliyyin unguwarmu.

Kafin ya toshe ƙofar tanderu yakan jera 'yan sandunan yumɓu uku masu tsini, tsawon ɗan yatsa, daidai kafar leƙe. In zafi ya kai, sai su lanƙwashe bi da bi. Na tsakiya ake jira. In ya sunkuya, kaya sun gasu. Ran biki da hantsi na farko ya kwanta, amma na tsakiya ya ƙi ko motsi.

Sai ga Seu Onofre mai babbar gangar badujala, yana haki.

"Bela, jama'a na tsaye a rana, kai kana nan kana leƙe kamar ɓera!"

"Aboki, faranti ɗari biyu ne a ciki. In na tafi yanzu, ɗanyu za a kwashe."

"Ka bar wa matarka Dona Zulmira mana."

Na ce, "Da wannan bayan nawa zan jefa itace? Kai ka zo ka jefa."

Ya tafi yana mita. Can sai muka ji kiɗa na hawo tudu. Ashe Fada Juvenal ne ya ce tunda mai begila ya ƙi zuwa, a kai masa biki har gida. Tsakar gida ta cika da tutoci, na yi ta zuba kofi ina raba burodin cuku. Belarmino ya busa baiti ɗaya, ya ruga ya leƙa, ya dawo ya ɗora. 'Yan badujala suka tuɓe kwat suka shiga miƙo itace.

Fada ya karɓi baƙin gilashi ya kai ido kafar. "Wannan na tsakiyar ya fi Onofre taurin kai," in ji shi. Jim kaɗan ya yi ihu, "Ga shi nan, ya rusuna!"

Onofre ya doka ganga har karnuka suka watse. Muka shafe bakin wuta da laka, muka bi ayari, farar rigar Belarmino duk toka.

Bayan kwana huɗu muka buɗe. Faranti biyu kacal suka tsage.