Inda Baba Yake Zuwa da Rana

Kwanon rufin yana ƙas-ƙas saboda zafi lokacin da Basiru ya ɗaga labulen ɗakin mahaifinsa. Katifa na shimfiɗe, fanka na tsaye a lungu ba motsi, don rabon garin da wuta tun kafin azumi. Baba Ɗan Iya ba ya ciki.

"Ya sake fita?" Basiru ya tambayi matarsa Sakina.

"Tun da rana ta take. Ya ce masallaci za shi."

Basiru ya saki labulen. Daga masallacin yake.

Shi ya gina ɗakin nan da ribar waken da ya kai Dawanau, bulo da siminti, har da shuɗin fenti. Dalbejiyar tsakar gida ma sare ta ya yi, don a riƙa hango ginin daga titin Ɗambatta. Mutane sun sha sa masa albarka. Amma tun shigowar bazara tsohon yake ɓacewa kullum, sai la'asar ya dawo yana kauce wa idon kowa. A ɓangaren da yake bi, gidan Abdulmumini ne kaɗai, wan Basiru. Ga shi har yau Baba bai faɗi wanda zai noma gonar fadama bana ba.

*

A bakin rijiya ya tare wan nasa.

"Yaya, in maganar gona ce, a yi ta a gabana. Ba sai ana janye tsoho a ɓoye ba."

Abdulmumini ya dube shi. "Rabona da Baba tun Juma'a. Amma na ji yadda ka ɗauke ni." Ya ja kekensa ya wuce.

Basiru bai yarda ba. Mai gaskiya, a ganinsa, da ya tsaya ya yi rantsuwa.

*

Washegari ya bi tsohon daga nesa. Baba ya wuce ƙofar Abdulmumini ko kallonta bai yi ba. Ya zaga bayan danga, ya waiwaya, ya sunkuya ya shige tsohon soron ƙasar da aka bar wa awaki da harawa.

Da Basiru ya leƙa, sanyi ne ya fara taɓa masa fuska. Katangar mai kauri ko ɗumi ba ta yi ba. Baba na zaune a kan buhu ya tuɓe riga, bayansa duk ƙurajen zafi.

"Baba, me kake yi a nan?"

"Numfashi nake yi. Can kwanon nan dafa ni yake, ƙirjina har toshewa yake yi."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Gari duk ana cewa ɗana ya raba ni da ɗakin ƙasa. In fito in ce musu me?" Ya sunkuyar da kai. "Ja min ƙyauren, kada wani ya gan ni."

Basiru ya ja ƙyauren, ya tsaya a rana. Daga ciki ya ji tsohon yana lallashin wata akuya ta matsa masa ya kwanta.