Fitilar da Fulgencio Bai Kunna Ba

Fulgencio na kan tsani yana goge ƙwan fitila sai daraktan wurin ya leƙo ya ce yau da magariba za a kunna, baƙi na tafe daga Turai.

Saura ƙiris ya faɗo. Shekara goma sha tara yana kula da wannan hasumiya ta bakin teku, wadda aka gina don tunawa da Baturen da ya yi ɓatan kai ya faɗo tsibirinsu, aka ce wai shi ya gano su. Ko sau ɗaya bai taɓa kunna ta ba. Wanda ya riƙe aikin kafin shi ya taɓa gwadawa, fitilar ta zuƙe wutar unguwa kaf, aka kwana uku a duhu. Tun daga nan aikin ya koma shara da goge-goge, ga mutumin da ya ci jarrabawar lantarki har da lambar yabo. Kuma Juma'ar nan zai yi ritaya.

Kafin ya sauko labari ya kai gida. Matarsa Casilda ta bugo waya.

"Ka manta yau za a fara nuna Wilkin a talabijin yana jefa ƙwallo a wasan besbol, wanda ake bugawa da sanda? Ɗan cikinka fa. Unguwa duk ta kwashi kujeru zuwa kantin Chepe."

"Haba Casilda, sau ɗaya tak a rayuwata."

"Kunna mana, injiniya. Sai ka kwana can wajen Baturenka, ya dafa maka shinkafa da wake."

Da magariba ta yi, ya daɗe tsaye gaban makunnin yana shafa shi, abin na cin ransa ƙwarai. Sannan ya zare fis ɗin ya jefa aljihu.

"Ranka ya daɗe, gishirin teku ya cinye wayoyin," ya ce wa darakta. Darakta ya kira shi tsohon banza a gaban baƙi. Ya haɗiye, ya ɗauki hularsa.

Ya iske kantin Chepe maƙil, Casilda ta matsa masa a benci ba ta ko dube shi ba. Ga Wilkin ya cika talabijin, ya ɗaga ƙafa zai jefa ta farko, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Irin ɗaukewar nan ta kullum, wadda ba ta buƙatar dalili.

Kowa ya juyo kansa.

"Wallahi ban kunna ba," in ji Fulgencio. "Ku duba mana."

Suka dubi wajen teku. Hasumiya na tsaye baƙa ƙirin.

Chepe ya girgiza kai. "Ka ɗauke mana wuta, mutumina, ashe kunnawar ma ba ka iya ba."