Bakin da Ya Zuba da Hannunsa

Ƙafafu sun shige, cinyoyi ma sun shige da ƙyar, amma da aka zo kan tumbi sai magana ta tsaya. Manaja ya ja numfashi, ya tsuke ciki, ya sake gwadawa. Simintin bakin rijiyar ya riƙe shi ta ko'ina.

"Ɗan juya ta gefe," in ji Baba, yana riƙe da igiya.

Ya juya. Fatar cikinsa ta saluɓe, amma ko motsi bai yi ba.

Abin takaicin, shi ya zuba wannan bakin da hannunsa shekara shida da suka wuce, lokacin yana bin Baba yasar rijiya. Da ƙugunsa ya auna faɗin, ya ƙara kaɗan, ya ce iyakar abin da mutum ke buƙata ke nan, kada a bar wa yara da awaki hanyar faɗawa. Har yanzu shatin yatsunsa na jikin simintin.

Daga baya ne ya buɗe shagon cajin waya a bakin titi, ya sa firji, aka laƙaba masa Manaja. Tun safe yake zama kan kujera, lemon kwalba a dama, burodi da soye-soye a hagu. Gida bai fi taku ɗari biyu ba, amma sai da babur. Kuma wa zai ce masa ya yi laifi? Kowa ya gan shi sai ya ce, "Kai, Manaja, jiki ya yi kyau!" Inna kuwa har nuna shi take yi wa baƙi, wai ɗanta ya huta. A garin da aka saba ganin haƙarƙarin samari, ba wanda ya ɗauki ƙiba ciwo. Shi kaɗai ya san yadda yake haki in ya sunkuya ɗaura takalmi.

Maza biyu suka kama shi ta hammata suka zaro shi. Matan da ke jiran ruwa da bokitai suka fashe da dariya, sai kuma suka yi tsit, don sun ga Baba yana cire riga.

Gida goma ke sha a rijiyar nan, ga shi laka ta cinye ta. Samarin da suka iya aikin duk sun tafi birni. Baba kuwa tun bara likita ya hana shi shiga rami saboda ƙirjinsa, shi ya sa Manaja ya bugi ƙirji jiya ya ce shi zai shiga.

"Kwance igiyar ka ba ni," in ji Baba.

"Baba, likita fa ya hana ka."

"To likitan ne zai kawo mana ruwa?"

Bai faɗa da faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi sauƙi.

A jikin igiyar akwai wani wuri da ya yi baƙi ya lanƙwashe, inda ƙulli ya saba zama shekara da shekaru, ko a ƙugun uban ko a na ɗan. Baba ya ɗaura, ƙullin ya faɗa daidai wurinsa. Ya zura ƙafafu ya sulale kamar ba komai.

"Ja biyu guga ne, ja uku ni ne," ya ce daga ciki. "Ka tuna?"

"Na tuna, Baba."

Guga ya fara fitowa cike da laka. A na biyar gumi ya rufe wa Manaja ido. A na tara zuciyarsa na bugawa har cikin kunne. Aikin da a da yake yi yana waƙa! Kunya ta kama shi, tsoro kuma ya fi kunyar, don daga ƙasa yana jin tarin tsohon yana hawowa, kowane ya fi na baya tsawo.

Sai igiya ta motsa sau uku.

Ya ja. Hannuwansa suka ce ba su san zancen ba. Igiyar ta fara zamewa tana ƙona masa tafi, wani maƙwabci da ke taya shi ya kwatsa salati. Manaja ya naɗe ta a ƙugu, ya kafa dugadugai, ya saki nauyinsa gaba ɗaya yana ja da baya, taku bayan taku, har furfurar Baba ta bayyana a bakin rijiyar.

"Kun ga amfanin ƙiba!" in ji maƙwabcin. "Wallahi turke guda muka samu."

Aka yi dariya. Manaja bai yi ba. Yana zaune a ƙasa yana kallon ubansa, wanda ya jingina da simintin yana neman numfashi, laka har wuya. Su biyun haki suke yi iri ɗaya, ɗaya ɗan shekara sittin da bakwai, ɗaya ɗan ashirin da takwas.

Inna ta taho da sauri da lemo mai sanyi. "Sha, ɗan nan, ka wahala."

Ya karɓa don kada ta ji babu daɗi, ya ajiye a gefe. Ya jawo igiyar ya zagaya ta a cikinsa. Daga inda ta haɗu zuwa wurin ƙullin nan da ya yi baƙi, taƙi biyu ne har da ɗoriya.

"Baba, yaushe za ta sake neman yasa?"

"Ban gama kwashewa ba. Wata takwas, in ta yi haƙuri."

"To bar min igiyar nan a wurina."

Tsohon ya dube shi, ya dubi igiyar, ya share laka daga gemunsa.

"Ba ta ƙaruwa fa," ya ce.

"Na sani, Baba."