Hancin Helbidiyus

Shekarar da sojoji suka naɗa mana Kaisar biyu, ni aka ba aikin sassaƙa gunkinsu na tsakiyar kasuwa. Ƙa'idar sana'armu ita ce, in sarakai biyu suna mulki tare, fuska iri ɗaya ake yi musu, rungume da juna, wai don talaka ya san kansu a haɗe yake. Haɗin kai kuwa irin na zakaru biyu a akurki ɗaya. Ko suna ban rubuta a ƙasa ba, don an kasa daidaitawa kan wanda za a fara sawa.

Ɗayansu, Kastinus, yana can gabas, ko ƙeyarsa ba mu taɓa gani ba. Ɗayan kuwa, Helbidiyus, shi ne ya yi sanyin shekarar a garinmu, ya zauna mini kwana uku yana cin zaitun yana tofa ƙwallon a kwandon kayan aikina. Hancinsa a karye, leɓensa a sake. Abin da na gani shi na sassaƙa, sau biyu.

Shekara huɗu suna kiran juna ɗan'uwa a wasiƙa, sannan Kastinus ya gayyaci ɗan'uwan nasa liyafar sulhu, aka shaƙe shi tun ba a kawo nama ba. Umarni ya biyo baya: a farfashe fuskar maci amana duk inda take.

Gwamna Dulkitiyus ya tsayar da ni gaban gunkin yana sharce gumi.

"Kai Yutikes, wanne ne maci amanar?"

"Ranka ya daɗe, wanda ka nuna."

"Ni zan nuna? Jibi Kaisar zai iso. In tasa fuskar ka fasa, kanka za a sare, ba nawa ba."

Na ɗauki guduma na hau na hagu, ba don komai ba sai don nan ne inuwa. Raina bai so ba, don mutumin ban da ƙwallon zaitun bai taɓa yi mini komai ba.

Kastinus ya iso. Ashe siriri ne, hancinsa miƙe kamar kara, ko kusa bai yi kama da dutsen ba. Ya daɗe yana kallon fuskar da ta rage, ni kuwa ina durƙushe ina shafa wuyana.

"Wa ya yi wannan?"

Gwamna ya tunkuɗo ni gaba, shi ya ja da baya.

"Ka iya aikinka," in ji Kaisar. "Kowa ya dubi fuskar nan ya san don mulki aka haife ni. Wancan mushen kuwa fuskar mai kiwon alade gare shi."

Nan take ya ce a yi irinta a aika kowane birni.

Yau shekara tara ke nan ina sassaƙa karyayyen hancin Helbidiyus, na yi arba'in da bakwai. Da ransa, guda biyu kacal ya samu.