Tutar Gidan Tokuji

"In ka ƙara motsa haɓar nan, kunne zan cire maka," na ce.

"Cire," in ji Tokuji. "Kukan da za ku yi da yamma, ko da kunne ɗaya zan jiyo shi."

Ina durƙushe a gefen shimfiɗarsa da aska a hannu, kumfa ta rufe masa rabin fuska. Tun da asibiti suka ce a mayar da shi gida ya huta, maganar da kowa a layinmu ya san fassararta, ni ke hawa benen nan kowace safiya in gyara masa fuska. Shagon askina manne yake da gidansa. Mun tsufa muna maƙwabtaka, kuma ban tuna ranar da muka rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya a kan ƙwallo ba.

Ni ɗan Minase ne, ubana ma haka, kuma a wuyansa na fara ganin koriyar rigar ƙungiyar garinmu. Shi kuwa Tokuji mutumin Kazashima ne, wani ɗan tsibiri da sai jirgin fito ke kai mutum. Ya baro can yana saurayi lokacin da kifi ya yi ƙaranci, ya kama aiki a masana'antar ƙarfe, ya yi aure a nan, matarsa ta rasu a nan, amma ko da mantuwa bai taɓa tafa wa ƙungiyarmu ba. Tasa ita ce ta tsibiri: masunta, da ma'aikatan jirgin fito, da wani mai raba wasiƙu, masu atisaye a filin da ake shanya taru. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka kafa ta. A ranar nan ta Asabar, a karo na farko tun da aka halicce su, ƙuri'ar gasar kofi ta haɗa su da mu a filinmu na hayin kogi.

Aka ja ƙofa, Chizuru ta shigo da kwanon kunun shinkafa. Ita ce 'yarsa tilo, direbar bas, kuma ita ke buga babbar gangar magoya bayan Minase a bayan raga. Tuni ta sa koriyar rigarta, sandunan kiɗa na leƙe daga jakar da ke kafaɗarta.

"Baba, ka sha ko cokali biyu ne kafin in tafi."

"Ajiye. Hau kujera ki sauko min da akwatin can na saman kabad."

Ta tsaya cak. Ni ma na ɗaga askar, don na san abin da ke ciki.

Tutar jirgin mahaifinsa ce. A tsibirinsu, in jirgi ya cika da kifi, tun daga nesa ake ɗaga irinta a kan gora, don mata a bakin gaɓa su gani su fito da kwanduna da ƙanƙara. Ba a buɗe ta da jirgi babu komai. Wanda ya yi haka ya yi wa garinsu ƙarya. Chizuru tana budurwa ta taɓa ɗauke ta a ɓoye, ta kai filin wasa, ta yi ta kaɗa wa Minase tun kafin a busa usur, yadda mu 'yan birni muke yi da tutocinmu. Mun yaba mata ƙwarai a ranar, don tutar kyakkyawa ce. Uban kuwa har damina ta wuce bai yi mata magana ba, kuma tun daga nan akwatin bai sake saukowa ba.

Ta sauko da shi. Tutar na naɗe cikin farin ƙyalle, gefenta ja kawai ake gani.

"Ki tafi da ita," ya ce.

"Baba, ni fa ganga nake riƙewa. Ta Minase."

"Na ce ki bar gangarki? Ki buga har hannunki ya tsage. Amma in jirgi ya cika, ki ɗaga."

"Ai mutanen tsibiri sun zo, jirgi guda. Jikan Gwaggo Matsue, maƙwabciyarku ta can, shi ne ma mai tsaron ragarsu. A ba ɗaya daga cikinsu mana."

"Tutar gidanmu ce. Hannun gidanmu ke ɗaga ta." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ke kaɗai kika rage."

"Ka san abin da kake cewa kuwa? A ci mu a gida, in ajiye ganga, in ɗaga wa waɗanda suka ci mu tuta, a gaban mutanen da na girma a cikinsu? Da wane ido zan kalle su gobe a bas?"

"Da wanda kike kallon hanya."

Na yi dariya don in sassauta abin. "Kwantar da hankalinki, 'yata. Ƙwararru ne fa za su kara da masu sayar da kifi. A naɗe za ki dawo da ita."

Ba ta yi dariya ba. Ta cusa tutar cikin jakar sanduna, ta ce, "Kawu, ka tabbata ya sha kunun," ta sauka. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba.

Ina da tikiti a aljihu, kujerata ta kullum, amma na zauna. Da lokaci ya yi na jawo rediyo.

"Kashe," in ji Tokuji.

"Haba Yaya! To ta yaya za mu sani?"

"Uwata ba ta da rediyo. A bakin gaɓa take tsayawa ta zuba wa teku ido. Jawo ni bakin taga. Wayar nan ta aljihunka ma miƙo ta."

Ya tura wayata ƙarƙashin matashinsa ya danne da kai. Na jawo shimfiɗar, na tallafe shi da bargo biyu har ya iya hango waje. Daga tagar ana ganin kogi, da gadar da kowa ke bi ya dawo daga filin wasa, da bayan rufin filin. Ba a ganin komai na wasan. Ji kawai ake yi.

Kiɗan Chizuru muka fara ji, mai nauyi, irin wanda ke shiga ƙirji. Ba a jima ba filin ya ɗauki ihu har gilashin taga ya amsa. Na san wannan ihun kamar muryar matata. Na dafe bakina, amma ƙafata ta riga ta buga tabarma.

"Yi murnarka, wanzami," ya ce, ido a rufe. "Kifin safe ne, ba ya kai yamma."

Bayan hutun rabin lokaci sai filin ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji daga gare shi ba. A cikin shirun wata 'yar siririyar sowa ta taso daga kusurwa guda, kamar ta yara a bayan gida. Tokuji ya buɗe ido ɗaya.

"Kunnen doki," na ce, raina a ɓace. Gaskiya a ɓace yake.

Lokacin tashi ya yi, gada wayam. An shiga ƙarin lokaci ke nan. Wayata na ta gurnani a ƙarƙashin kan mutumin nan, ni kuwa kamar in fizge ta. Na ba shi ruwa a cokali, rabi ya zube a wuyansa. Numfashinsa ya fara yin nisa tsakani, har nakan sunkuya in duba ƙirjinsa. A nan ne na daina damuwa da waye zai ci. Tsoro ya kama ni kada ya tafi ya bar ni ni kaɗai a bakin taga.

Gangar ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Yarinyar nan ta buga wa Minase da dukan ƙarfinta, uban yana bin kiɗan da yatsa a kan bargo. Can 'yar siririyar sowar ta sake tashi, wannan karon ba ta sauka ba. Sai gangar ta yi shiru.

Korayen riguna suka fara cika gada. Ba waƙa, ba tuta, kowa kai a sunkuye. Na ga mai shagon kifin layinmu yana jan ɗansa da hannu, yaron na kuka. Ba na bukatar rediyo.

"Yaya," na ce, "kun ci mu. Masu sayar da kifi sun ci mu a gida!"

"Ban ga tuta ba."

"Dubi fuskokin mutane mana!"

"Ban ga tuta ba, na ce."

Sai a lokacin na gane ba sakamakon wasa yake jira ba. Muka zuba wa gada ido. Jama'a suka ragu, suka zama ɗaiɗai, motocin 'yan sanda suka janye shingensu. Rana ta yi ƙasa har ta fara shiga idonsa, na kare masa da tafin hannuna. Mai keke ɗaya ya wuce, sai gadar ta zama ba kowa. Yatsan Tokuji ya daina motsi a kan bargo. A raina na fara haɗa ƙaryar da zan yi masa, cewa ƙila ta biyo ta ɗaya gadar.

Ja na fara gani, a can ƙarshen gada, sama da kan mutane. Iskar kogi ta kama ta, ta buɗe ta gaba ɗaya: jar rana, shuɗin igiyar ruwa, ƙaton kifi ya yi tsalle a tsakiya, da sunan jirgin mahaifinsa da manyan baƙaƙe. A kan doguwar gora take, kuma wadda ta rungume gorar da hannu biyu tana sanye da koriyar riga. A bayanta mutanen tsibiri ne, tsofaffi da mata da 'yan wasan da ko takalmi ba su cire ba. A can baya, samari biyu cikin korayen riguna sun ɗauko mata gangarta, fuska a murtuke, amma sun ɗauko.

"Ɗaga ni," in ji Tokuji.

Na tallabo shi. Bai fi nauyin bargon da ke jikinsa ba. Ya dafa katakon taga, kuma ban san inda ya samo muryar ba.

"Ku fito da kwanduna!" ya ƙwala. "Jirgi ya cika! Ku fito da kwanduna!"

Mutanen tsibiri suka amsa daga ƙasa, layinmu ya ɗauka. Matata ta fito daga shago da kwandon wanki a hannu, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta ɗaga shi sama. Ni, ɗan Minase jikan ɗan Minase, na tsinci kaina ina ihu da hawaye saboda an fitar da mu daga gasa.

Chizuru ta hawo bene tana haki, tafukanta duk sun fashe da kiɗa, idonta jawur.

"Sai da na jira aka busa usur na ƙarshe, Baba. Gorar ce ta ɓata min lokaci, sai da muka kwance ta tutar Minase."

"Kin buga da kyau," ya ce. "Na ji ki."

"Mun fi ku wasa."

"Kun fi mu. Mu kuma mun cika jirgi."

Ta ɗaure gorar a jikin taga, tutar na kaɗawa a saman layi. Ta tambaye shi yaushe ake sauke ta.

"Sai an gama sauke kaya," ya ce.

Ranar Talata da hantsi Tokuji ya rasu, ban daɗe da gama masa gyaran fuska ba. Har ya ce min hannuna ya fara rawa, in nemi wata sana'a. Na sauka wanke aska, kafin in dawo Chizuru na zaune a gefensa riƙe da hannunsa, ta ɗago ta dube ni.

Ba ta kira kowa ba tukuna. Ta miƙe ta kwance gorar daga taga, ta zare tutar, ta miƙo min gefe ɗaya. Muka ja baya har ta miƙe a tsakaninmu, sannan muka tako muka haɗa kusurwoyin. Har yanzu da ɗan warin gishiri a jikinta. Muka sake ninkawa, kifin ya shige ciki, sunan jirgin ya shige ciki, sai gefen ja kawai. Ta ɗora ta a kan ƙirjinsa, ta ajiye sandunan kiɗanta a gefe.