Safar Hannun Mai Aski

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama mai aski, hannunsa na dama ya daina jin magana. Ƙaninsa da ke riƙe da shagon har ya fara cewa a ba wani kujerarsa.

A ɗakin motsa jiki na asibiti, likita ta sa masa wata safar hannu mai wayoyi, ta ajiye kan mutum na roba a tebur, ta miƙa masa injin aski na wasa.

"Baba, in ka danna da ƙarfi, safar za ta yi maka gir a yatsu. Da ka ji, ka sassauta."

Ya ɗora injin, safar ta yi gir, shi kuwa ya ƙara dannawa har kan robar ya lotsa.

Haka aka yi ta yi mako bayan mako. Likita ta canja baturi, ta gwada ƙwaƙwalwarsa da hotuna, ya cinye duka. Ƙanin, da ke kawo shi, ya jingina da ƙofa yana dariya.

"Yaya, da kan mutum ne da tuni mun yi jana'iza."

"Rufe min baki!" Mai aski ya yi jifa da injin. Ya juya ga likita. "Likita, abin nan naku bai da hankali. Ni tun ina saurayi, in inji na ɓari a hannuna, aiki ke tafiya. Sai ya yi shiru nake ɗaga hannu, wuta ta ɗauke ke nan!"

Likita ta dafe goshi. "Baba, shi ne ba ka faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Hoton kyanwa kuke ta nuna min."

Ta juya kan kwamfutarta ta sauya tsarin: safar ta riƙa ɓari muddin hannun na daidai, in ya danna ta yi tsit.

Ya ɗauki injin yana ƙunƙuni. Gir ɗin ya shiga yatsunsa, hannun ya bi ƙeya ya zagaya bayan kunne. Safar ta yi shiru, ya ɗaga kafin ya yi tunani.

"Saura kan gaske, amma ba yau ba," in ji likita.

Mai aski ya dubi ƙaninsa. "Kai, kada ka yi aski. Tara min sumar nan."