Jan Turke a Gonar Labbo

Duk zuri'ar su Labbo babu wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa sai ƙanensa Rabi'u, kuma Rabi'u bai bar kowa ya manta da haka ba. Aikinsa duba tikitin fasinja ne a jirgin da ke tasowa daga Legas zuwa Kano, amma in ya zo hutu Gulma ya baje a majalisar ƙofar gida, sai ka rantse shi ya ƙera kan jirgin da hannunsa. Zai jero tashoshi kamar mai ba da hadda: Ibadan, Ilori, Jebba, Minna, Kaduna, Zariya. Zai bambance maka tsofaffin kawunan jirgi masu baƙin hayaƙi da sababbin da aka sayo daga waje, taragon kwana da taragon zama, mai na'urar sanyi da wanda talaka ke dahuwa a ciki. Kuma ba ya cewa kamfani, sai dai "mu". Mun sayo, mun shimfiɗa, mun buɗe hanya.

Labbo ya tsani wannan "mu" ɗin har cikin ransa. Shi manomin shinkafa ne, gona ɗaya gare shi a fadama, ita ke ciyar da gidansa shekara zuwa shekara. Rabi'u kuwa tuni ya kama haya a Gwadangaji, kusa da Birnin Kebbi, ya ajiye matarsa Nazifa can, ba ya leƙo Gulma sai da farin yadi da labari. Amma tsana daban, yarda daban. Labbo bai taɓa ganin jirgin ba ko daga nesa, don haka abin da ƙanen ya faɗa shi ne abin da ya sani.

Ana dab da faɗuwar ruwan farko wasu baƙi suka zo fadama da hulunan kwano da wata na'ura mai ƙafa uku. Suka yi ta leƙe-leƙensu, suka kafa turaku masu jan fenti a ka, layi ɗaya ɗoɗar. Maƙwabta gefen gona kawai layin ya shafa. Ta Labbo kuwa ya ratsa ta daga wannan kusurwa zuwa waccan. Da aka tambaye su suka ce awon hanyar jirgi ne, suka shiga motarsu, ko sallama babu.

To, a fadamar Gulma jan turke ba abin wasa ba ne. In aka yi rikicin gona, sarkin noma kan kafa turke ya ɗaura masa jan ƙyalle, daga ranar babu mai sa fartanya a wurin sai an yanke hukunci. Wanda ya shuka a kan jan turke ya yi wa wani noma, ya kuma sayi abin faɗi ga 'ya'yansa. A haka aka raini Labbo, kuma mutum ne mai taurin kai wajen bin ƙa'ida.

A makon aka yi suna a gidansu, Rabi'u ya zo. Nan Labbo ya tafka kuskurensa, ya tambaye shi a tsakiyar majalisa, mutane cike da tabarma.

"Rabi'u, turakun ga da anka kahwa mani, maganar jirgin da gaske ta?"

Rabi'u ya gyara zaman hula ya dubi jama'a tukuna. "Awo, Yaya. Mu munka turo su. Kawunan ma sun iso, suna can Legas an lulluɓe su. Daga Birnin Kebbi za shi biyo Argungu shi wuce Sakkwato. Kahin kaka za ka ji ƙaho nai daga ɗakinka."

"To shuka hwa?"

"Wa ka shuka bisa hanyar jirgi?" in ji Rabi'u. Majalisa ta yi dariya, shi ma ya taya su.

Da Labbo ya shiga gida, matarsa Laure ta ji komai ta bayan zana, kuma ba ta ɓoye ra'ayinta ba. "Malam, ƙanen nan naka huda takarda ɗai shika yi cikin jirgi. Ka shuka abinka. In jirgin ya taho shi taka."

"Jan turke na, Laure. Ba ni shuka a tsine mani."

"Sarkin noma yak kahwa shi?"

"Hukuma ta hi sarkin noma."

Ta yi tsaki ta koma bakin murhu, kwana biyu ba ta ƙara yi masa magana mai daɗi ba.

Shinkafar fadama ba ta jiran shawara. Ana watsa iri kafin kogi ya cika, in ruwa ya shigo an rufe ƙofa sai baɗi. Maƙwabta suka shuka, ruwa ya zo, fadama ta yi kore shar. Gonar Labbo ta zama tafki mai ciyawa, kawunan turakun na leƙowa, har masunta suka samu wurin ɗaure koma. Kullum sai ya je ya tsaya a bakin ruwa yana kallo, zuciyarsa na tafasa. In ya kira Rabi'u a waya, amsar ba ta canzawa: yana cikin jirgi, sun kusa Minna, layin wayar na yankewa. Damina ta wuce ba a kawo ko ƙusa ɗaya ba.

Da kaka ta yi, rumbun Labbo babu komai sai ƙaiƙayin bara. Mutumin da kan ɗauki 'yan ƙodago a gonarsa, shi ne ya rataya lauje ya je wurin Tamba, mai tara ma'aikatan yankan shinkafa. Ya roƙi a kai shi nesa da gida, inda ba a san shi ba. Tamba ya loda su a bayan akori-kura, suka bi ta Argungu suka sauka Ambursa.

Gonar da aka kai su ta yi kyau har ta ba shi haushi, zangarniya ta sunkuya don nauyi. Ya duƙa yana yanka ba ya kula kowa. Can rana ta ɗaga, laujensa ya daki wani abu mai tauri. Ya buɗa karan shinkafar, sai ga turke, jan fentin ya koɗe amma shi ne. Ya miƙe ya duba gaba, ga wani, ga wani can, sun ratsa gonar kamar tasa.

"Tamba, wane marar tsoron Allah na yas shuka bisa turakun jirgi?"

Tamba ya share gumi. "Gadon wata mata ta, mijinta ma'aikacin jirgi na. Shi yac ce a shuka. Wai irin turakun ga akwai waɗanda anka kahwa tun bai kama aiki ba, har gara ta cinye su jirgi bai bi ba. Ga shi can ma tahe."

Babur ne ya tsaya a bakin gona, an ɗaure masa damin buhuna a baya. Rabi'u ya sauko cikin farin yadinsa yana tattare ƙafar wando. Gonar Nazifa ce. Ya zo tsakiya yana yi wa ma'aikata sannu, sai idonsa ya faɗa cikin na yayansa, gaisuwar ta maƙale.

Labbo bai ɗaga murya ba. "Ka san ba shi tahowa."

"Yaya, wa ka sanin abin gwamnati?"

"Ka sani. Kac ce a shuka ta matarka."

Rabi'u ya waiga ya ga ma'aikata sun tsaya da yanka, sai ya matso ya rage murya. "Gaban mutane kat tambaye ni, Yaya. Mi kaka so in ce? Ban sani ba? Maganar majalisa ta, ban zaci za ka ɗauka ba. Aje laujen ga don Allah, ana kallonmu. In an sussuke sai in aiko maka da buhu biyu."

A ran Labbo babu abin da yake so kamar ya jefar da laujen ya kama hanyar Gulma ko da a ƙafa ne. Amma ya tuna Laure ta auna tsabar ƙarshe da safe, ta kakkaɓe kwaryar a gabansa.

"Riƙe buhunanka," ya ce. "Tamba ad da ni yau, shi ka sallamata kamar kowa. In ka koma Gwadangaji ka gaya ma matarka baƙo yay yanke mata shinkafa. Gusa, kana taka mani layi."

Rabi'u ya ja baya. Labbo ya duƙa, ya zagaye turken da lauje, ya ci gaba da yanka.